Akwatin da ya ƙi amsa sallamar Inna

Assalamu alaikum Malam mai gabatarwa, da masu sauraro baki ɗaya. Ni malamar makaranta ce daga Sabon Garin Gusau.

Maigidana ya sayo kwamfuta da wani ɗan akwati, wai shi modem. Ya jona shi da layin tarho, ya ce ta nan saƙon ɗanmu da ke karatu a ƙasar waje zai riƙa zuwa.

Ranar Juma'a sakamakon jarrabawarsa yana cikin shigowa, sai Inna, surukata da ta zo daga Bungudu, ta ɗaga kan tarho. Ta ji ƙara kamar ana wasa wuƙa. Ta yi sallama har sau uku, ba a amsa ba. Ta ce, "Wannan ba ya da tarbiyya," ta kife. Saƙo ya yanke, har yau layi bai sake kamawa ba!

To Malam, a tambayar mana masana: me akwatin nan yake faɗa cikin kukansa? Me ya hana shi raba layi da mutum?

Inna dai ta ce ba ta komawa Bungudu sai ta ji ko jikanta ya ci, kuma sai ta san ɗan gidan wa ya ƙi amsa mata sallama.