Tafasar da Baba Sale Ya Nome

Assalamu alaikum Malam, barka da aiki. Hajiya Binta ce daga Nassarawa GRA.

Gwaibarmu ta rage 'ya'ya saboda ƙudan zuma sun daina zuwa. Da damina na watsa irin tafasa da rai-ɗore a bayan gida, suka yi fure, zuma suka dawo. Na yi tafiyar kwana uku, na tarar Baba Sale, dattijon da ke kula da lambunmu, ya nome su tas. Da fara'arsa ya ce, "Hajiya, tafasa ba ta dace da gidan manya ba."

Shekara ashirin ina yaba masa wannan tsaftar. Jama'a, yaya zan gaya masa yanzu ciyawar nake so, ba tare da na ɓata masa rai ba?