Rautar Inna Saude

Da kallabi Inna Saude ta naɗo rautar, na'urar nan mai kawo intanet, kamar kwanon tuwo, ta kwance ta a teburin wani mai gyaran waya a tashar Gummi. Ya jona ta da kwamfuta, ya cire sim ya mayar, ya canza caja. Fitilunta duk suka kawo kore.

"Inna, na gwada komai. Lafiyarta lau."

"Ba lafiya take ba. Ɗana Ridwan ya haɗa min ita don in riƙa jin muryarshi. Kullum sai ya aje min saƙo, amma tun da ya kama hanyar Anka ta daina kawowa."

"Ya dai sauka lafiya?"

"Gyara na kawo maka, ba tambaya ba. Sake gwadawa."

Ya karɓi lambarta, ya yi magana a wayarsa, ya tura mata saƙon muryar. Nan take tata ta yi ƙara cikin hijabi. Ta zaro ta, ta kara a kunne. Muryar mai gyaran ce.

"Kin ji ya shigo. In an turo, za ta kawo. Ko mu tambayi direbobin Anka labarinsa? Ga su can."

"Naka ya shigo don kana kusa. Nashi daga nesa yake tahowa, shi take riƙewa."

"Inna, ba haka take aiki ba."

"Kai ka ƙera ta?"

Ya cire cajar. Ta naɗe rautar, ta ƙulle kallabin tamau. Ta wuce motocin Anka ko kallonsu ba ta yi ba, ta nufi teburin mai gyara na gaba.