Amya Ta Cika

A shagon kafinta mutum biyu suna jiran aikinsu: wani dattijo mai zuma da kumburarren ido, da wani mai gidan haya.

"Baba, wa ya naushe ka haka?"

"Ƙudan zumana. Amya ta cika, na zo a ƙera min sabuwa. Da bazara ta shigo nake raba su biyu da hannuna. In ka yi sakaci, sarauniya ta kwashe rabi ta gudu, ka wayi gari ka ga wayam."

"Ashe ƙwari ma sai an raba musu gida."

"Dole. Amma mutum ba ƙwaro ba ne. 'Ya'yana uku da matansu duk suna gidana, ba mai fita ina raye."

"A ɗaki nawa?"

"Ina ruwanka? Kai me ya kawo ka?"

"Ƙofa zan karɓa, na yi sabon ɗan haya. Yaro mai ladabi, har zuma ya kawo min. Ya ce ta ubansa ce, kuma kada tsohon ya ji sai an kwashe kaya."

Mai zuma ya juyo ya dube shi.

"Dogo ne ko gajere?"

"Dogon ne ya yi magana. Gajeren tasa ƙofar sai jibi."