Ruwa da Awo

A tashar Talata Mafara, Nasidi na jiran motar Maradun, wani dattijo ya miƙo masa moɗar ruwan randa.

"Bismilla, bawan Allah."

"Na gode, Baba. Na cika awona na yau."

"Ruwa ake aunawa? Ni gishiri likita ya hana ni."

"Ni gishirin jinina ne ya yi ƙasa, shekara da shekaru. Ko ƙoda ce, ko maganin hawan jini, ana dai bincike. In na sha ruwa da yawa, sai jiri da mantuwa."

"Mi kake sana'a?"

"Ban-ruwan albasa a Bakolori. Wuni nake ina shayar da ƙasa har ta ƙoshi."

Dattijon ya janye moɗar. Nasidi ya tare hannunsa.

"Shanye a gabana, Baba, kada ka rage. Ina son in ji saukarsa."