Hannun Iya Saratu Ba Shi da Laifi

'Yan'uwa a cikin Ubangiji, ina gaishe ku da sunan Yesu Almasihu Mai Cetonmu. Salamarsa ta tabbata a gidajenku.

Sunana Istifanus, shekaruna hamsin. Na karanta kimiyyar kiwon dabbobi a jami'a kafin aiki ya kawo ni ƙasar Haɗejiya. Na ambaci karatun ne domin ku auna nauyin laifina da kyau. Ba daga ciwo Ubangiji ya cece ni ba, ba kuma daga giya ba. Daga shiru ya cece ni, shirun da ya kusa raba wata baiwar Allah da matsuguninta.

Ikilisiyarmu ƙarama ce, 'yan gidaje ne a kan wani tudu ta wajen Auyo, fadamun shinkafa sun kewaye mu. Maƙwabtanmu Musulmi ne, kuma tun zamanin iyaye akwai fahimta tsakaninmu: aladunmu ba sa fita daga garke, ba a kuma ratsa gari da su. Mun riƙe wannan, su ma sun riƙe mu da mutunci. Sai dai shigo da sabon alade ya zama babban aiki. Direba ba zai ɗauka ba, mai kwalekwale ma haka, kuma ba ma ganin laifinsu.

Sau ɗaya tak na sha wannan wahala. Na kawo wani farin namijin alade daga kudu a motar wani ɗan'uwa. Mutane suka sa masa suna Digiri don tsokanata. Duk mai mace yakan kawo ta a yi barbara, ban taɓa karɓar ko sisi ba. 'Ya'yansa suka fito manya, masu saurin girma. Aka riƙa sa mini albarka har a cikin sujada.

Shekaru suka wuce. Aka mayar wa Digiri da 'ya'yansa mata, sannan jikokinsa. Da ya tsufa, ɗansa ya gaje shi a kan 'yan'uwansa.

Na san ƙarshen wannan hanya, domin darasin farko ne a ajinmu. Kowace dabba tana ɗauke da wani lahani na gado a ɓoye. Idan uwa da uba ba dangi ba ne, lafiyar ɗaya takan rufe lahanin ɗaya. Idan kuwa jini ɗaya ne, lahanin yakan haɗu da irinsa ya bayyana a jikin ɗa. Na sani, na yi shiru. Na riƙa gaya wa kaina cewa tafiyar ce da wuya. Da na binciki zuciyata daga baya, sai na tarar ina jin daɗin a ce duk aladen tudun nan jinin garken Malam Istifanus ne.

Sannu a hankali abin ya fara. Macen da ke haifar goma ta koma haifar huɗu. Wasu 'ya'yan su zo a mace, wasu da gwaiwa, wasu ƙafafu a warwatse ba sa iya tsayuwa. Aka haifi wani ma babu mafitar kashi.

A nan Iya Saratu ta shigo. Gwauruwa ce da rikici ya koro daga gabas, ba ɗa ba jika, ikilisiya ta ba ta ɗaki. Allah ya ba ta hannun karɓar haihuwar dabba, don haka duk macen da ta fara naƙuda ita ake kira. Wato duk wani ɗan alade mai lahani, a hannunta aka fara ganinsa.

Wata rana matata Rahila ta ajiye mini abinci ta ƙi tashi.

"Malam, ka ji abin da ake faɗa kan Iya?"

"Me ake faɗa?"

"Wai hannunta ne. Wai kafin ta zo ba mu san irin wannan ba."

Na ce, "Maganar bakin rijiya ce, za ta wuce." Na ci abincina.

Ba ta wuce ba. Aka daina kiran Iya. Aka daina sayen daddawarta. Ranar Jibin Ubangiji, matar da ke kusa da ita ta ƙi karɓar ƙoƙon bayan Iya ta sha. Ina zaune a sahun dattawa ina gani. Daga nan wasu suka fara matsa wa Fasto a sallame ta daga tudun, alhali kowa ya san ba ta da inda za ta koma.

Ta same ni da hantsi ina zuba dusa a garke. Ta miƙo mini tafukanta biyu.

"Malam, kai ka yi karatun dabba. Dubi hannun nan. Akwai abin da ke cikinsa da ni ban sani ba? In akwai ka gaya mini, in daina taɓa na mutane."

'Yan'uwa, amsar tana bakina. Amma faɗinta yana nufin in tsaya gaban mutanen da suka sa mini albarka in ce ni na lalata musu garke. Sai na ce, "Iya, mu dai ci gaba da addu'a."

Na ɓuya a bayan addu'a. A duk zunuban rayuwata, wannan ne nake jin kunyarsa fiye da kowanne.

Ranar Laraba da la'asar aka kira taron addu'a a kan lamarin. Iya tana can baya ita kaɗai a benci. Fasto bai yarda da zargin ba, amma an fi ƙarfinsa. Ya ce, "Dattijo Istifanus, ka jagorance mu. Ka roƙi Allah ya tona asirin duk wanda ke da hannu a wannan abu, mu huta da zato."

Na miƙe, na rufe ido, na ce, "Ya Ubangiji, kai da ba a ɓoye maka kome, ka tona…" Sai harshena ya tsaya. Ban ga wahayi ba, ban ji murya ba. Kawai na gane cewa ina roƙon Allah ya yi abin da ni zan iya yi da bakina a wannan minti, kuma shi da nake roƙo ya san haka. Tsoro ya kama ni irin wanda ban taɓa ji ba. A zuci na ce, Yesu, ka ba ni ƙarfin jimla ɗaya.

Na buɗe ido na ce, "An amsa addu'ar. Ni ne."

Na bayyana musu kome. Dattijo Dauda, wanda ya fi kowa zafi a kan Iya, ya ce, "To Malam, wato yanzu Digiri ne mayen?" Wasu suka yi 'yar dariya, shi bai yi ba. "Ko dai tsohuwar kake karewa?"

Na ɗauki alli na je allon makarantar Lahadi. Na ce kowane mai gida ya faɗi uwar aladensa da ubanta. Gida bayan gida, duk layin da na ja sai ya ƙare a kan Digiri. Sannan na tambaye shi, "Baba Dauda, haihuwar da aka yi a garkenka watan jiya, wa ya karɓa?"

"Ni da kaina."

"Iya ta leƙa?"

"Ba ta isa ba."

"Nawa suka tashi?"

Ya sunkuyar da kai. A gaban kowa na je na durƙusa wa Iya. Na roƙi gafararta.

Tuba ba ta gyara garke, sai da aiki. Muka fiɗiye duk mazan jinin Digiri. Na nemi wani abokin karatuna da ke aiki a gonar kiwo a kudu, ya nuna mini abin da ilimi ya kai yanzu: ba sai an kawo namiji ba, ana ɗebo irinsa, wato maniyyi, daga zaɓaɓɓun aladu da aka san asalinsu da lafiyar zuriyarsu, a sa wa mace da hannu. Irin ba ya son zafi, ba ya son ƙanƙara, kuma kwanakinsa kaɗan ne. Na ɗauko shi a ƙaramin akwatin sanyi lokacin da ruwa ya cinye hanya. A bakin kogi Malam Bukar mai kwalekwale ya tambaye ni abin da ke ciki, na gaya masa gaskiya. Ya daɗe yana kallon akwatin, sannan ya ce, "In dai a rufe yake, kuma a cinyarka zai zauna, shigo."

Ba duka matan aladun suka ɗauki ciki ba, uku ne, har da tawa. Muka fara tsaga kunne don a san asalin kowane alade. Muka jira wata uku da mako uku da kwana uku.

Da lokacin haihuwar tawa ya yi, na je na shawarci Iya kada ta zo. Ilimi yana rage lahani, amma bai yi alkawarin kawar da shi duka ba, kuma na san idan ɗaya ya fito da tawaya a hannunta, allona ba zai cece ta ba.

Ta ce, "Malam, in ban zo ba suka fito lafiya, za a ce don ba na nan ne. Kauce mini."

Da rana tsaka ta shiga garken, matan ikilisiya sun jeru a bakin danga. Duk wanda ya fito sai ta share shi, ta duba ƙafa, ta duba cibiya, ta ɗaga wutsiya, sannan ta ɗaga shi sama kowa ya gani. Ni ina tsaye ina addu'ar da ba ta da kalmomi. Goma sha ɗaya, duka lafiya, duka suka kama nono.

Tana wanke hannu na sake neman gafararta. Ta ce, "Na yafe maka don Yesu. Amma ka sani, har na ɗaure kayana. Kwana tara suna ɗaure ina tunanin tashar da zan nufa."

Iya Saratu tana nan a ɗakinta har yau. Ba zan ce kowa ya saki jiki da ita ba, akwai masu gaishe ta daga nesa, wannan kuma ɓarnar shiruna ce da nake ci gaba da roƙon Allah ya gyara.

Ina gode wa Ubangiji da bai bar ni na ƙarasa waccan addu'a da ƙarya a bakina ba. Ɗan'uwa, idan akwai wanda ke ɗauke da zargi alhali gaskiyar tana wurinka, kada ka ce masa ya ci gaba da addu'a. Ka dogara ga Yesu ka faɗa. Kunyar da na ji tsoro ta zo, amma shi ya riƙe ni a cikinta, zai kuma riƙe ka. Ɗaukaka ta tabbata ga sunansa. Amin.