Ƙofar Zuciyar Rabi Ta Sake Tsukewa

Assalamu alaikum Malam mai gabatarwa, barka da aiki. Ni ne Haruna, manomi daga wani ƙauye kusa da Mallawa.

Shekara tara ke nan da aka yi wa mai ɗakina Rabi aikin zuciya a Yamai. Wata ƙofa ce cikin zuciyarta ta tsuke, aka buɗe ta. Lokotoro, wato likita, ya ce duk wata sai an yi mata allura, kada mu fasa. Ta warke sarai, har ta haifi 'ya'ya biyu. A damina ta uku aikin gona ya yi yawa, na ce, "Rabi, me mai lafiya za ta yi da allura?" Ta ce, "Yadda ka ce, Malam." Muka daina.

Bana ko tsakar gida ba ta ƙetarewa sai ta zauna tana haki, ƙafafunta duk sun kumbura. A Damagaram lokotoro ya ce ƙofar ta sake tsukewa, sai an sauya ta ɗungurungum, kuma jikinta ba zai ɗauki aikin ba yanzu.

Muna dawowa cikin mota ta ce, "Kada ka faɗa wa innata zancen allurar nan." Ba ta taɓa zargina ba, kuma wannan ya fi ci mini rai.

Jama'a, akwai wanda aka yi wa aikin nan karo na biyu ya tashi? Ko mutum ɗaya ne ku faɗa mini, in samu abin gaya mata.