Ƙahon da ya ɗaga mini ranar aiki

Assalamu alaikum Malama mai shirin lafiya, sannu da ƙoƙari. Ni ne Sale, manomi daga Tarai.

Shekara biyu ke nan ciwon baya yana sauka mini har ƙafa, ko salla a zaune nake yi. A wani asibiti a Kano aka yi mini hoto, likita ya ce gurunguntsin da ke tsakanin ƙasusuwan baya ne ya danne jijiya. Na sha magani, na yi gashi, duk a banza. Sai ya ce akwai aikin da ake yi ta ƙaramar huda, a zura siririn bututu mai kyamara. Ba kowa ake yi wa ba, amma ni na dace. Aka sa rana.

Saura kwana huɗu mahaifiyata ta kira wanzami. Ta ce, "A fara cire mataccen jinin, likita ya samu sauƙi." Ban iya yi mata musu ba, na kwanta aka kafa mini ƙaho.

Ranar aiki likita ya ɗaga rigata ya duba. Tsagar ƙahon ta yi ruwa, daidai inda zai huda. Ya ce, "Malam Sale, ba zan tura cuta cikin bayanka ba. Sai ta warke."

Ga damina ta kankama, gonata duk ciyawa, ni kuwa ina kwance. Wallahi na gaji.

Masu sauraro, ku ba ni shawara. Inna ta ce jinin ne bai gama fita ba, har ta sake aika wa wanzamin ya zo ranar Asabar. Yaya zan ce wa mahaifiyata a'a?